ASUSUN CIKIN WAYA: A HANNUN WA KUƊINKA SUKE?

Duk wanda ya saba zama a ofis ko a ɗakin malamai ranar da albashi ya fito, ya san hirar wannan rana ta sake kama. A zamanin iyayenmu, ma'aikatan En'e, mai biya ake jira ya iso da akwatinsa, a kira suna, kowa ya sa hannu a takarda, ya ƙirga fam da sulallansa ya zuba a aljihu. Yau kuwa waya ce ke yin ƙara, mutum ya duba ya ga an biya shi, bai ko taɓa kwabo da hannunsa ba. Kafin a tashi aiki sai ka ji ana tambayar juna: kai a ina kake ajiya, nawa suke ƙara maka a shekara, in ka so cirewa suna bari? Abin da ake magana a kai shi ne manhajojin ajiya, watau tsare-tsaren nan da ake saukarwa a wayar hannu, waɗanda ke karɓar kuɗin mutum ta intanet su adana masa, su kuma riƙa nuna masa lissafin abin da ya shiga da abin da ya fita.

Al'amarin ya isa a tsaya a dube shi da idon basira, domin ya riga ya shiga gidaje, ya amfani mutane masu yawa, ya kuma tsiyata waɗansu. Malaman makaranta da akawuna sun fi kowa bukatar fahimtarsa, gama su ake kawo wa waya a unguwa a ce, "Malam, duba mini wannan, gaskiya ne kuwa?" Amsar da malamin zai bayar tana iya tsirar da jarin wata gwauruwa mai sayar da ƙosai, tana kuma iya hallaka shi.

ABIN DA MUKA GADA

Tanadi ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Yaro yana da asusunsa na yumɓu, yana jefa kwabo ta ɗan tsagin nan, ba ya iya fitarwa sai ran da ya fasa shi gab da Salla. Mata suna da adashi, kowace ta zuba nata ran kasuwa, a kwashe a ba wa ɗaya, har zagaye ya cika. Manomi yakan ajiye dukiyarsa a rumbu, ko a tunkiya da ɗan maraƙi. Fatake sukan bar kuɗinsu wurin wani attajiri amintacce, su tafi Gwanja ko Ikko da kwanciyar rai. Daga baya aka sami Bankin Gidan Waya, inda ma'aikaci kan kai sule biyar a rubuta masa a ɗan littafinsa a buga hatimi, aka kuma sami ƙungiyoyin gama kai na tsimi da tanadi.

In mun lura, abu guda ne ya riƙe yawancin waɗannan hanyoyi, shi ne sanayya. Uwar adashi an san gidanta, an san mijinta, an san in ta ci amana ba ta da inda za ta sa kanta a garin. Attajirin da aka ba ajiya yana da sunan da yake tsoron ɓatawa. Watau fuskar mutum ita ce jingina. To, ajiyar cikin waya ba ta da fuska. Mai kamfanin yana Ikko ko wata ƙasa, ba ka taɓa ganinsa ba, shi ma bai san ka ba, kuma ba zai ji kunyarka ba. Saboda haka dole a sami wani abin da zai tsaya a madadin fuska, kuma abin nan shi ne lasisin hukuma da inshorar ajiya. Wannan ita ce maganar da muke so masu karatu su riƙe.

Ƙasar nan ta taɓa koyon wannan darasi da tsada. Daga ƙarshen shekarun 1940 zuwa farkon na 1950 an buɗe bankuna barkatai, kowa ya sami ɗaki da tebur sai ya kafa allo ya ce shi banki ne, ba dokar da ta hana shi. Mafi yawansu suka rushe da kuɗin talakawa a ciki. Wannan ya sa aka kafa dokar banki ta farko a 1952, sa'an nan Babban Bankin Nijeriya ya fara aiki ran 1 ga Yuli, 1959. Abin da ya faru da allo da tebur a wancan zamani, shi ne ke iya faruwa da waya a wannan zamani, sai dai yanzu ya fi sauri, kuma ya fi nisan zango.

YADDA SUKA SHIGO

Abubuwa biyu suka share wa manhajojin nan hanya. Na ɗaya, tsarin aika kuɗi nan take tsakanin bankuna, wanda aka fara a 2011. Na biyu, lambar shaidar banki, BVN, wadda aka ƙaddamar a 2014, wadda ta sa ana iya gane mutum ko daga nesa ba sai ya zo da kansa ba. Da waɗannan suka kafu, sai samari masu ilmin kwamfuta suka ga dama ta samu. A 2016 waɗansu matasa a Ikko suka kafa Piggybank.ng, wanda aka sake wa suna PiggyVest a 2019, kuma asusun yara suka kwaikwaya, wanda Turawa ke yi da siffar alade. Cowrywise ya biyo baya a 2017. OPay ya shigo a 2018, Kuda da PalmPay a 2019, Moniepoint kuma ya bazu ta hanyar 'yan na'urorin nan na masu POS da ke bakin kowace kasuwa.

Amma abin da ya tura jama'a cikinsu da ƙarfi shi ne canjin kuɗi. A watan Oktoba na 2022 Babban Banki ya ba da sanarwar sake fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000, aka sa wa'adin daina karɓar tsofaffi ƙarshen Janairun 2023, aka ƙara kwana goma. Sababbin ba su wadata ba. Kowa ya tuna yadda aka riƙa kwana a layin banki, ana sayen naira da naira, mai tumatir yana kallon kayansa suna ruɓewa don masu saye ba su da tsaba. Gwamnatocin Kaduna da Kogi da Zamfara suka kai ƙara, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ran 3 ga Maris, 2023 cewa a ci gaba da karɓar tsofaffin takardu. Kafin nan dai mai shayi da mai nama sun riga sun buɗe asusu a waya, sun manna lambarsu a jikin tebur, kuma da kuɗi suka dawo ba su cire ta ba.

Duk da haka, a Arewa da sauran aiki. Binciken da ƙungiyar EFInA ta yi a 2023 ya nuna kashi 26 cikin 100 na manyan mutanen Nijeriya ba su da wata hulɗa da kowace irin hanyar ajiya ko bashi, ta hukuma ko ta gargajiya, amma a Arewa maso Yamma adadin ya kusa rabi. Ma'anar wannan ita ce miliyoyin mutanenmu yanzu ne za su shiga, kuma da yawansu ta ƙofar waya za su shiga, ba su taɓa taka cikin banki ba. Wanda ya fara karɓarsu, na kirki ne ko mayaudari, shi zai koya musu abin da ake nufi da ajiya.

BA DUKA AKA TARU AKA ZAMA ƊAYA BA

A fuskar waya duk kama suke yi da juna: launi mai kyau, da lambobi masu hawa. A wurin doka kuwa iri-iri ne, kuma bambancin yana da muhimmanci ƙwarai ran da abu ya ɓaci.

Akwai waɗanda bankuna ne sosai, suna da lasisin ƙaramin banki daga Babban Banki, kamar Kuda da Moniepoint. Akwai waɗanda lasisinsu na hada-hadar kuɗi ta waya ne, kamar OPay da PalmPay, waɗanda doka ta wajabta musu su ajiye kuɗin jama'a a manyan bankuna. Akwai kuma masu juya kuɗi, waɗanda ke karɓar ajiyarka su zuba ta a takardun bashin Gwamnati da hannun jari. Su hukumar kula da kasuwar hannun jari, SEC, ce ke yi musu rajista, kuma Cowrywise a nan yake.

Hukumar inshorar ajiya, NDIC, wadda aka kafa a 1988, ita ce ke biyan masu ajiya in banki ya rushe, amma tana da iyaka. A 2024 ta ɗaga iyakar: mai ajiya a babban banki na kasuwanci daga naira 500,000 zuwa miliyan 5, mai ajiya a ƙaramin banki daga naira 200,000 zuwa miliyan 2, mai asusu wurin kamfanin hada-hada ta waya kuma har miliyan 5. Kada a ɗauka wannan zance ne na takarda kawai. A watan Mayu na 2023 Babban Banki ya soke lasisin ƙananan bankuna 179, a watan Yuni na 2024 kuma ya soke na bankin Heritage. Masu ajiyar Heritage da kuɗinsu bai wuce miliyan 5 ba, hukumar ta bi lambar BVN ɗinsu ta zuba musu a asusunsu na wasu bankuna. Waɗanda nasu ya haura haka kuwa, abin da ya ɗara miliyan 5 ɗin ne sai da suka jira a sayar da kadarorin bankin. Kuɗin da aka zuba a matsayin jari kuwa, wannan inshora ba ta rufe su, gama jari ciniki ne, ana riba ana faɗuwa. Wanda kuma ya ba da kuɗinsa ga kamfanin da ba shi da lasisin kowa, ba wata hukumar da ta ɗauki alkawarin biyansa ko anini.

Ko masu lasisin ma ba a sake musu linzami ba. A watan Afrilu na 2024 Babban Banki ya dakatar da OPay da PalmPay da Moniepoint da Kuda daga karɓar sababbin masu asusu, har sai da suka ƙara tsananta binciken waɗanda suke buɗe wa, aka sake su a watan Yuni. Waɗansu sun tsorata da jin haka. A ganinmu alama ce mai kyau, domin wanda ake iya tsawata wa shi ne wanda yake ƙarƙashin wani.

AMFANINSU NA GASKIYA

Babban amfanin waɗannan manhajoji shi ne horo. Ma'aikaci ya san halin albashi: ran da ya shigo kamar ba zai ƙare ba, ran goma ga wata kuma sai a shiga neman rance. Kowa yana niyyar ya ajiye abin da ya rage, amma ba abin da ke ragewa. Manhajar takan juya wannan tsari. Kai za ka umarce ta tun farko, ka ce duk ran kaza ga wata ki cire kaza, sai ta cire kafin hannunka ya kai. Malamin da ya sa a riƙa cire masa naira 5,000 kowane wata, shekara na zagayowa yana da 60,000, ban da abin da aka ƙara masa. Da yayyafi kogi kan cika.

Sa'an nan akwai kulle. PiggyVest, alal misali, ya tsara ranaku huɗu a shekara da mutum zai cire ajiyarsa kyauta, in ya matsa sai ya cire kafin nan a yanke masa wani abu; yana kuma da wani sashe da za ka kulle kuɗi har ranar da ka zaɓa da kanka. Wannan shi ne asusun yumɓu ya dawo da sabuwar riga. Akwai kuma ajiya mai manufa, inda mutum zai rubuta abin da yake tarawa domin sa, kuɗin haya, ko ragon layya, ko takin damina, ko kuɗin jarrabawar yaro, manhajar ta raba masa adadin bisa kwanakin da suka rage. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Abu na uku shi ne lissafi. Akawu yana riƙe littafin hukuma ba kuskuren kwabo, amma tambaye shi nawa ya kashe a katin waya da cefane watan jiya, sai ya yi shiru. Da yake kowace fita tana barin sawu a manhaja, mutum yana iya zama ƙarshen wata ya ga inda kuɗinsa suka bi, kuma sau da yawa abin da zai gani zai ba shi mamaki. Mata ma sun sami sauƙi, musamman waɗanda ke sana'a a cikin gida, gama suna iya ajiye ribarsu ba sai sun aiki yaro ko sun fita ba.

Sai dai kulle yana da nasa haɗari. Rashin lafiya ba ta sallama, kuma wanda ya kulle duk abin da ya mallaka zai koma cin bashi alhali yana da kuɗi. Hankali shi ne a raba biyu: kaso guda a buɗe domin larura, kaso guda a kulle domin manufa.

ƁARAWON DA BA YA FASA ƘOFA

Akwai abin da tallan kamfanonin nan ba ya faɗa, shi ne hauhawar farashi. Bayan an janye tallafin man fetur ran 29 ga Mayu, 2023, aka kuma sake wa naira mara a kasuwar canji a watan Yuni, dalar Amurka da ake saya wajen naira 460 a farashin hukuma ta haura 1,500 a cikin 2024. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce a Disambar 2024 farashin kaya ya ɗara na Disambar 2023 da kashi 34.8 cikin 100. Daga baya, bayan an sake ma'aunin lissafin a farkon 2025, adadin ya sauko, amma saukar adadi ba ta nufin kaya sun koma farashinsu na da. Tana nufin gudun hawan ne ya ragu.

Bari mu buga misali. Mutum ya ajiye naira 100,000 a farkon irin wannan shekara, a ce an yi masa alkawarin kashi 15 cikin 100. Ƙarshen shekara waya ta nuna masa 115,000, ya yi murna. Amma kayan da zai saya da 100,000 a farkon shekara sun koma kusan 135,000. Lambobi sun hau, buhunan hatsin da kuɗin za su saya sun ragu. Maƙwabcinsa da ya binne nasa a ƙarƙashin katifa ya fi shi hasara, wannan gaskiya ne, amma shi ma bai ci riba ba. Saboda haka duk sa'ad da aka gaya maka abin da za a ƙara maka, ka tambayi nawa farashi ke hawa a shekarar, ka auna su biyu. Manhajar ajiya tana da kyau ga kuɗin da za a bukata cikin 'yan watanni ko shekara guda. Abin da ake tarawa na shekara goma kuwa, kakanninmu da suka sa nasu a gona da dabba ba wauta suka yi ba.

Ga Musulmi akwai ƙarin tambaya, ita ce ta kuɗin ruwa, domin yawancin abin da manhajojin ke ƙarawa daga bashi mai ruwa yake fitowa. Wannan ya hana mutane da yawa a Arewa kusantar banki tun asali. Yanzu an sami mafita. Bankin Jaiz ya fara aiki a 2012 bisa tsarin da ba ruwa, TAJBank a 2019, Lotus a 2021, kuma dukansu ana hulɗa da su ta waya. Gwamnatin Tarayya ta fara sayar da takardun Sukuk a 2017, na naira biliyan 100, domin gina hanyoyi. Waɗansu manhajojin kuma sun keɓe sashen ajiya na halal, ko sun ba mai ajiya zaɓi ya ce a riƙe masa kuɗinsa kawai ba ya son ƙari. Wanda ke da shakka ya tambayi malamai masana wannan fanni kafin ya zuba.

MASU SHIGAR BURTU

Inda hauhawar farashi ta matsa wa mutane, nan mayaudara ke samun kasuwa, gama wanda ya ga ajiyarsa tana narkewa yana saurin sauraron mai cewa zai ninka masa. A 2016 aka yi MMM, wanda wani mutumin Rasha mai suna Sergei Mavrodi ya ƙirƙiro, ana alkawarin kashi 30 cikin 100 kowane wata. Hukumomi suka yi ta gargaɗi, ba a ji ba. A watan Disamba aka rufe cire kuɗi, kuma NDIC ta ce 'yan Nijeriya wajen miliyan 3 sun yi hasarar kimanin naira biliyan 18. Aka ce an yi hankali. A watan Afrilu na 2025 sai ga CBEX, mai cewa na'ura mai ƙwaƙwalwa ce ke yi masa cinikin kuɗin intanet, yana ninka wa mutum kuɗinsa cikin kwana 30. Rana ɗaya aka wayi gari ba a iya cirewa, har aka ce wa mutane su ƙara biyan dala 100 ko 200 wai don a tantance su. Fusatattu suka fasa ofishinsa a Ibadan suka kwashe kujeru, SEC ta bayyana cewa ba ta taɓa yi masa rajista ba, EFCC ta shiga neman masu shi.

Dabarar tsohuwa ce, tun 1920 wani Charles Ponzi ya yi ta a birnin Boston na Amurka, har sunansa ya bi ta. Ba wani ciniki da ake yi. Kuɗin waɗanda suka shigo yau ake biyan waɗanda suka shigo jiya, na jiya su fita suna shela cewa gaskiya ne, an biya su, su jawo danginsu. Ran da sababbin shiga suka ragu, ran nan ginin ke zubewa. Malamin lissafi ba ya bukatar kowa ya gaya masa ƙarya ce, alli kawai zai ɗauka. Naira 10,000 in tana ninkuwa kowane wata, cikin wata 12 ta zama 40,960,000, cikin wata 24 ta haura biliyan 167. In da akwai sana'ar da ke haifar da haka, mai ita ba zai zo yana roƙon dubu gomarka ba. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Alamominsu ba sa ɓuya: riba mai yawa wadda aka ce tabbas ce ba faɗuwa; lada ga wanda ya kawo wani; gaggawa, wai gobe za a rufe; da kuma nuna takardar rajistar kamfani a matsayin lasisi. A lura da wannan na ƙarshe da kyau. Rajistar suna a hukumar rajistar kamfanoni ba izinin karɓar ajiyar jama'a ba ce, kamar yadda takardar haihuwa ba ta zama lasisin tuƙi. Sabuwar dokar zuba jari da aka sa wa hannu a watan Maris na 2025 ta tanadi tarar da ba ta gaza naira miliyan 20 ba, ko ɗaurin da ya kai shekara 10, ko duka biyu, ga masu wannan sana'a. Amma ɗaurin ɓarawo ba ya dawo da kuɗin gwauruwa.

Ƙanen wannan bala'i shi ne manhajojin bashi, masu ba da rance cikin minti biyar da ruwa mai nauyi, waɗanda in mutum ya makara sukan aika wa duk wanda ke cikin wayarsa saƙon cin mutunci. Hukumar kare haƙƙin masu saye ta fara murƙushe su a 2022, ta wajabta musu rajista. Ma'aikacin da ke tara dubu biyar a wata manhaja yana cin bashin dubu ashirin a wata, yana ɗiban ruwa ne da kwando.

WAYA, LAMBA DA MAGADA

Ko kamfanin na kirki ne, akwai abin da ya rage a wuyan mai ajiya. Makullin dukiyarsa yanzu layin wayarsa ne da lambar sirrinsa. Ba ma'aikacin banki na gaskiya da zai kira ka ya nemi lambar sirri, ko lambar nan da ake turowa ta saƙo. Duk wanda ya nema ɓarawo ne, kome daɗin bakinsa. In waya ta ɓace, a rufe layin da asusun a ranar, kada a bari sai gobe. Wanda bai iya karatu ba yakan miƙa wa mai POS waya da lamba gaba ɗaya, kuma nan ne ake yi wa tsofaffi yankan baya.

A tuna kuma waya ba ta aiki sai da sabis. A watan Satumba na 2021 an katse layukan sadarwa a Jihar Zamfara da waɗansu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato saboda yaƙi da 'yan bindiga, aka yi makonni a haka. Wanda duk abin da ya mallaka ke cikin waya ya ga ta kansa. Kada gida ya rasa 'yar tsabar da za ta riƙe shi kwana biyu.

Sa'an nan ga maganar da ba a son yi, ita ce mutuwa. Littafin Gidan Waya ana samunsa a akwatin mamaci. Ajiyar waya kuwa ba ta da sawu a ɗaki. In mai ita ya rasu bai gaya wa kowa ba, marayu na iya kwana da yunwa alhali haƙƙinsu yana nan. Ƙa'idar da Babban Banki ya fitar a 2024 ta ce asusun da ya shekara 10 ba a taɓa shi ba za a mai da kuɗinsa wani asusu na musamman a Babban Banki, inda mai su ko magadansa za su iya nema. Amma magada ba sa neman abin da ba su san da shi ba. Kowane mai ajiya ya rubuta sunayen wuraren da yake da kuɗi, ban da lambar sirri, ya ajiye tare da takardun gidansa, ya kuma cika gurbin magaji da gaskiya.

ABIN DA YA RAGE

Hukumomi sun yi ƙoƙari, ɗaga iyakar inshora da sabuwar doka abin yabo ne. Muna dai roƙon a ƙara abu biyu. Sunayen masu lasisi suna nan a shafukan Babban Banki da SEC da NDIC na intanet, amma da Turanci, inda mutumin ƙauye ba ya kaiwa. Ya kamata a riƙa karanta su da Hausa a gidajen rediyo, tare da sunayen waɗanda aka gano ba su da shi. Na biyu, a riƙa kama mayaudari tun yana talla, kada a jira sai ya gudu. Kamfanonin su ma, in da gaske suke son kasuwar Arewa, su fassara sharuɗɗansu da Hausa, musamman abin da ake yankewa da ranar da ake iya cirewa.

Sauran aikin kuwa namu ne, mu da aka sa a makaranta. Sau da yawa wanda ya shigar da mutanen unguwa cikin irin su MMM ba baƙo ba ne, wani ɗan boko ne da aka yarda da shi, wanda shi ma an yaudare shi, aka biya shi sau ɗaya ya zama mai shela. Tun da ajiyar waya ba ta da fuska, fuskarka ce mutane ke gani sa'ad da ka ce musu su shiga. Saboda haka in an kawo maka waya an ce ka duba, kada ka dubi kyan launinta ko yawan ribarta. Ka nemi sanin wace hukuma ta ba su lasisi, ka duba sunansu a can da idonka. Ka nemi sanin wace sana'a ce ke haifar da ƙarin da suke bayarwa. Ka nemi sanin wa zai biya in sun rushe, kuma har nawa. In an amsa maka waɗannan, ka fara gwadawa da kaɗan, ka cire ka ga ya fito, sa'an nan ka ba da shawara. In an kasa amsa ko ɗaya, ka mayar wa mai waya wayarsa, ka ce masa ya riƙe kuɗinsa.